Hanyar da Aka Yi Mini da Ruwan Wanke-wanke

Ranar Lahadin ƙarshe ta watan Satumba, shekarar da na cika tara, muka sauka Maraɗi daga bayan wata motar zogale da ta ɗauko mu daga Jiratawa. An kwana ana ruwa, gari ya yi luf, ƙasa sai ƙamshi. Inna tana goye da ƙanena Sani, ni kuma ina riƙe da sandata, zanena duk ya yi kore da ganyen da na zauna a kai. Dillalin gidaje da Baba ya haɗa mu da shi yana jiranmu bakin tasha da tarin makullai a hannu. Ya dubi Inna, ya dubi ƙafata, ya ce bari ya tsayar mana da kabu-kabu biyu don kada yarinya ta wahala. Inna ta gyara goyonta ta ce, "A'a Malam, da ƙasa za mu tahi. Ni ba ɗaki na zo gani ba, hanya na zo gani." Mutumin ya yi sororo yana kaɗa makullansa, don a iya saninsa masu neman haya rufin kwano suke tambaya, da famfo, da ko ɗaki yana yoyo.

Ƙafata ta hagu ta shanye tun ina shekara biyu, bayan wani zazzaɓi da ban ma san na yi ba. Da sanda na tashi, kuma a Jiratawa wannan bai taɓa zama labari ba. Lakwal ɗinmu, wato makarantar boko, tana bayan gidanmu, ina jin an buga ƙarfe nake ajiye kofin kunu in fita, in riga masu ƙafa biyu shiga aji. Ƙasar garinmu ta wajen fadama laka ce, idan ta bushe sai ta yi tauri kamar daɓe, sanda ta dira ta tashi ba gardama. Da marece nakan bi Inna lambu. Ba na iya ɗaukar tulu, amma babu wanda ya fi ni saurin zage ganyen zogale daga reshe, kuma ni ake zaunarwa bakin kwami in toshe ruwa da laka idan ya cika, in buɗe wa na gaba. A wasa kuwa, 'yar gala-gala ce kawai ta fi ƙarfina. Carafke dai, wallahi har yau ina neman wadda za ta cinye ni. Na gama aji biyu ina cikin na gaba-gaba, mushenmu, wato malamin ajinmu, har yana ba ni alli in rubuta kwanan wata a allo.

Baba makanikin injin ban ruwa ne. A wannan damina wani Alhaji mai shigo da injuna daga Najeriya ya ɗauke shi aiki a shagonsa na Maraɗi, aka ce mu tattara mu koma birni. Nan fa maganata ta tashi. Mahaifiyar Baba, wadda muke ce wa Kaka, Bagobira ce zaune a Tsibiri, manomiyar hatsi mai hannu kamar ƙirgi da baki kamar reza. Ni ce 'yar fari, kuma a wajenmu ɗan fari na kakanni ne, iyaye ba su da bakin magana a kansa. Tun yaye ta so ɗauka ta, ciwo ya hana. Yanzu ta ce lokaci ya yi: birni ba wurin mai sanda ba ne, a kai mata ni in zauna inuwa ina tsince mata wake. Kaka tana sona, ban taɓa shakka ba. Amma gidanta yana can bakin gonaki, nesa da kowace lakwal, kuma ita a ganinta boko wahala ce da ake ɗora wa masu lafiya. Na san idan na shiga gidan nan, ni da kaye, wato littafin rubutu, da alli sai dai a mafarki.

Inna kuwa kunyar ɗan fari ta ɗaure ta tamau. Ba ta taɓa kiran sunana ba, "ke" nake, ko "yarinyar nan". Ba ta yaba ni gaban mutane, idan baƙi suka tambayi 'ya'yanta sai ta nuna Sani ta yi shiru. Don haka ranar da ta buɗe baki ta ce wa Baba ita dai a bar mata yarinyar nan ta ci gaba da lakwal, shi kansa sai da ya ajiye sufana ya dube ta. Ya ce to, ya ji. Idan ta samo gidan da zan iya zuwa lakwal da ƙafata, in dawo da ƙafata, ba tare da an goya ni ko an ɗauke ni a babur ba, zai ba Kaka haƙuri. Idan ba ta samu ba, kada ta ƙara tayar da maganar. Abin da ya kawo mu Maraɗi ranar Lahadin nan ke nan.

Unguwar Zariya muka fara zuwa, don can Baba ya fi so. Alhajinsa ya yi masa tayin ɗakuna biyu a bayan wani gidansa, da famfo a tsakar gida, da lantarki, har da bishiyar mangwaro. Ni dai da na ga ruwa na zuba daga bango na ce shi ke nan, mun zo. Inna ko leƙa ɗakunan ba ta yi ba. Ta tsayar da ni bakin ƙofa, ta tambayi dillali ina lakwal ɗin gwamnati take, ya nuna da makulli ya ce minti goma ne. Ta ce, "Minti goman wa?" Muka kama hanya. Tituna masu faɗi, katangu dogaye masu fenti, ƙofofin ƙarfe a rufe. Babu dakali ko ɗaya, babu kututture, babu wata inuwar da mutum zai raɓa. Inna ba ta da agogo, kuma ba lokaci take aunawa ba. Wuraren hutawa take ƙirgawa, don ta san nisan da nake yi kafin hannuna ya fara rawa a kan sanda. Sau biyu na zauna a ƙasa, motoci suna wucewa da yara a ciki suna kallona ta gilashi. Ba mu ma kai lakwal ɗin ba ta ce mu juya.

A Sabon Gari dillali ya nuna mana gida biyu. Na farko, kana tsaye a ƙofarsa kana hango tutar lakwal, sai dai babban titi mai kwalta ya ratsa tsakani. Muka tsaya bakinsa, manyan motoci da kabu-kabu da amalanke suna ta sheƙa gudu, Inna tana kallon titin tana kallon sandata. Ta girgiza kai kawai. Na biyu dillalin ma da kunya ya buɗe shi: ɗaki ciki da falo a gidan haya mai mutane da yawa, babu famfo sai 'yan ga-ruwa, ƙofar langa-langa ce, ga awakin maƙwabta ko'ina. Amma daga ƙofarsa wani lungu ya miƙe har bayan katangar wata lakwal, ba titin mota ko ɗaya. Na dira sanda na ji ƙasa daram, na tafi kamar a Jiratawa. Akwai bishiyar dogon yaro a farkon lungun, akwai dakalin wani mai wanki da guga a tsakiya, sai kuma rumfar wata mai ƙosai, Iya Tani, kusa da ƙarshe. Da muka iso rumfar, matar ba ta ce "sannu" da muryar tausayin nan da na tsana ba, ba ta kuma tambayi me ya sami ƙafata ba. Ta turo mini kujera 'yar tsugune da ƙafarta tana ci gaba da juya ƙosai, ta ce wa Inna, "Baƙi ne? Ku sha ruwa." Muna barin wurin Inna ta ce wa dillali ya ba ta makullin.

Baba ya yi ƙorafin famfo da mangwaro, amma ya cika alkawari. Muka tare, aka rubuta ni a aji uku. Lakwal ɗin ta ninka tamu ta gida sau nawa, wasu azuzuwan na siminti, namu rumfar zana ce, muna zaune kan tabarmi gwiwa na gogar gwiwa. Ƙarfen ƙafar mota aka rataya a reshe, shi ake bugawa. Sau biyu ake shiga a rana, da safe, sai kuma ƙarfe uku, wato sau huɗu nake bin lungun nan. Watannin farko lafiya lau. Na cinye 'yan ajinmu kaf a carafke har suka daina ce mini 'yar ƙauye, na koyi sayen ƙanƙarar zoɓo a leda, na koyi cewa a birni ba a gaida kowa da kowa a hanya, ko da yake ni ban daina ba. Inna ta fara dafa kwaɗon zogale tana sayarwa a cikin gida. Kowa ya ɗauka magana ta ƙare.

Ashe mun tafka kuskuren da mutumin tudu ba zai taɓa yi ba. Mu mutanen laka ne, a saninmu ƙasa da damina take wahalar tafiya, da rani ta yi daɗi. Ƙasar lungun nan kuwa rairayi ce zalla, ruwan da aka kwana ana yi ne ya danne ta ranar da muka gwada. Da rani ya kankama, ƙafafun mutane da na awaki suka tuttuƙe ta, sai ta tashi ta zama gari. In dira sanda, ta nutse kusan taƙi guda, in tsaya in zaro ta, in sake dirawa. Ƙafata mai lafiya tana zamewa baya, marar lafiyar tana jan ƙasa. Tafiyar safe da sauƙi. Ta ƙarfe biyu da rabi ce azaba, lokacin da rairayi ke shiga takalmin roba kamar an zuba garwashi. Tafin hannuna ya yi kanta ya fashe. Na fara makara, kuma a lakwal ɗin duk wanda ya makara sai ya durƙusa bakin ƙofa. Madam ɗin da ke koyar da ajinmu ta ce ni an yafe mini, in wuce, wannan kuwa ya fi durƙuson ƙona mini rai. Ban gaya wa kowa a gida ba. Nakan tsaya bayan ƙofa in share ido, in kakkaɓe zane, sannan in yi sallama.

Wata Talata, ana saura kwana goma sha wani abu a ba da hutun tsakiyar shekara, Kaka ta zo daga Tsibiri da ƙullin gero da kuka. Tana zaune a ƙofar ɗaki na shigo da tsakar rana, ban san da ita ba balle in gyara fuska. Ta kama hannuna ta buɗe, ta cire mini takalmi ta ga bororo. Ta fita ta taka lungun da ƙafarta, ta dawo. Sai da Baba ya shigo cin abinci ta sauke masa. "Wa ke gwada rairai da damana? Ita dai 'yar fadama ce, ba ta sani ba. Kai fa, da anka haihe ka cikin jigawa? Babur ya cinye maka hankali!" Baba ya sunkuyar da kai. Ta ce ranar da za a ba da hutu za ta dawo, a haɗa mini kayana. Inna tana bakin murhu ta ba su baya, amma na ga ludayin da ke hannunta ya tsaya cak.

Kwana biyu Inna ba ta da walwala. A rana ta uku, ta fito zubar da ruwan wanke-wanke daidai lokacin da nake fita. Kullum wuri ɗaya take watsa shi, gefen bango, kuma wurin ya yi baƙi ya daskare saboda sabulu da toka da maiƙo. Na dira sanda a kai ba tare da tunanin komai ba, ta yi ƙwas ba ta nutse ba. Inna ta ce in sake. Na sake. Ta ajiye kwano, ta shiga ta ɗauko mayafi.

Gidaje goma sha bakwai ne a gefen dama na lungun, daga ƙofarmu zuwa katangar lakwal. Inna, wadda ko biki sai an ja ta, wadda har lokacin ba ta san sunan rabin matan ba, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana sallama, ina biye da ita. Roƙonta ɗaya ne. Ruwan da suke zubarwa dama, na wanke-wanke da na wanki, maimakon a watsa shi tsakiyar hanya, don Allah a riƙa zuba shi a jikin bango, a miƙe, daga ƙofa zuwa ƙofar maƙwabta. Wasu suka yi dariya, wasu suka ce ai wannan ba komai ba ne. A wani gida wata mata mai tankaɗe ta dube ni ta dubi Inna, ta ce, "Wai ɗiyar wa ce? Riƙo kike? Ban taɓa jin kin kira ta ba." Inna ta ja bakin mayafi ta rufe rabin fuska. Na ɗauka za ta yi shirun da ta saba. Sai na ji ta ce, can ƙasa-ƙasa, "Tawa ce. Ita ce ta fari." Ban taɓa jin haka daga bakinta ba sai ranar. Na sunkuya na yi kamar ina gyara takalmi.

Cikin mako guda wani baƙin layi ya fito a jikin bangon, faɗinsa bai wuce tabarmar sallah ba. Ba kyau gare shi ba, kuma ba zan yi ƙarya in ce yana ƙamshi ba. Akwai ƙwayar shinkafa a ciki, da ɓawon albasa, kaji suna bi suna tona. Amma yana da tauri, yana da sanyi. Mai wanki, da yake ya fi kowa ruwa, ya ɗauki nasa rabon da na shagon da ke kulle kusa da shi. Iya Tani ta mai da kanta mai gadi, da ta ga rana ta take sai ta ɗaga murya daga rumfarta, "Ku zubo ruwa, 'yar lakwal za ta wuce!" Sai ka ji ƙofofi suna ƙara, yara suna fitowa da robobi. Gida ɗaya ne ya ƙi. Wata Hajiya ce mai tsamin rai, ta ce wa Inna ita ba a koya mata inda za ta zubar da ruwanta, kuma nata na shukokinta ne. Har muka bar unguwar ba ta zuba ko cokali ba. Taku goma sha ɗaya ne gaban gidanta, na ƙirga su ya fi sau dubu.

Ranar da za a ba da hutu Kaka ta iso tun hantsi, da buhun da za a sa kayana. Inna ta durƙusa ta gaishe ta, ta kawo mata fura, ba ta roƙi komai ba. Da biyu da rabi ta yi na ɗauki kayena da sandata, Kaka ta ce mu je ta ga wahalar da idonta, ta biyo ni a baya. Iya Tani ta yi kiranta, ruwa ya zubo, na hau layina ina tafiya ƙwas, ƙwas, har ina waiwayen Kaka. A gaban gidan Hajiya na faɗa rairayi, na yi kokawata ta taku goma sha ɗaya, na fita na ci gaba. Na shiga lakwal ba a buga ƙarfe ba. Da aka tashe mu na tarar da ita zaune a rumfar Iya Tani suna hira kamar sun shekara da sanin juna. Kaka ta fizge sandata, ta ja ni wurin wani mai gyaran takalma, ta sa ya yanko ƙyallen tayar mota mai faɗin tafin hannu ya buga a gindinta. "Raƙumi ba ya nutsewa don tahinai na da hwaɗi," in ji ta. "Mutanen laka, komi sai an gwada muku." Washegari ta naɗe buhunta ba komai a ciki. A bakin ƙofa ta ce wa Inna, ba tare da ta dube ta ba, "Riƙe abinki."

A lungun nan na gama firamare. Yau ni ce nake tsaye gaban allo, a wata lakwal da ke ɗaya gefen garin. Bara da muka tashi sauya gida saboda yaranmu, maigidana ya nuna mini taswira a waya, ya ce daga gidan zuwa lakwal minti bakwai ne. Na ji bakina ya ce, "Minti bakwan wa?" Na bari sai da rani ya tsananta, na je da biyu da rabi na rana na taka hanyar da sandata, ina duban inuwa, ina duban ƙofofi, ina jiran in ga ko wani zai turo kujera. Daga nan na zarce tsohon lungunmu. An shimfiɗa masa pabe, bulon siminti na titi, sumul, sanda ba ta nutsewa ko'ina, har gaban gidan Hajiya. An yi magudanar ruwa, gidajen sun sa ƙofofin ƙarfe. Iya Tani ta rasu, Kaka ma haka, Inna ta koma Jiratawa tana fama da gwiwa, kuma har yau "ke" take ce mini. Na bi gefen dama a hankali daga farko har ƙarshe, ba ƙofar da ta buɗe. Yanzu hanyar ta fi kyau nesa ba kusa ba. Sai dai a da, kullum sai da mata goma sha shida suka tuna da ni kafin hanyar ta samu.